Injin Ba Taya Iska Na Ajiyewa A But: Mai Waya, Mai Caji, Ko Mai Kama Kan Batir?

Gab da magariba ne, muna tsakanin Azare da Potiskum, iyali na mota, na ji sitiyari yana rinjaya hagu. Na gangara gefen titi na fito, sai ga tayar gaba ta kwanta rabi, kan ƙusa yana ƙyalli a tsakiyarta. Ban damu ba, tunda ina da safaya. Da na ɗago ta daga but na danna da babban yatsa, sai ta lotsa kamar burodi. Wata takwas rabona da in duba ta. Muna nan tsaye duhu na shigowa, wani dattijo a Hilux ya rage gudu ya tsaya.

"Malam, lafiya dai?"

"Wallahi Baba, faci na yi, safayar ma ba iska."

Bai ƙara cewa komai ba, ya jawo wani ɗan inji daga ƙarƙashin kujera, ya ce in buɗe bonet in tayar da mota. Ya maƙala wayoyi biyu a kan batir, ya ɗaura tiyo a bawul, kafin yara su gama shan ruwa tayar ta miƙe. Ya cika safayar ita ma. Da na kai hannu ga ƙusar sai ya riƙe ni: "A'a, bar ta. Yanzu ita ce toshiyarka. Tafi a hankali har ka samu mai faci."

Tun daga ranar na yi amfani da iri uku na wannan injin, na kuma ga na abokai da na 'yan'uwa, wasu sun yi ƙarko, wasu ko shekara ba su kai ba. Wanda zai saya yau zai tarar da su birjik, a Ƙofar Ruwa a Kano, a Panteka a Kaduna, da kuma shagunan intanet. A kwali duk kamarsu ɗaya, a bakin titi ne ake gane bambancinsu.

Abin da ke fara jan ido a jikin kwalin shi ne babban rubutu: 150 PSI, 250 PSI, wani har 300 PSI, wato ma'aunin matsin iska. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ƙaramar mota irin Corolla ko Camry ko Golf tana shan tsakanin 30 da 35 ne, saboda haka wannan lambar ba ta gaya maka komai game da aikin da za ka sa shi. Lambar da za ka nema ƙarama ce, takan ɓuya a gefe ko a cikin takardar bayani: lita nawa na iska yake turawa a minti ɗaya. Tayar Corolla mai lamba 195/65 R15 cikinta ya kai kimanin lita 30, kuma kafin ta tashi daga ƙasa zuwa 32 PSI sai an cusa mata iskar da ta ninka wannan sau biyu da ɗori. Injin da aka rubuta wa lita 35 a minti zai yi wannan aikin cikin minti huɗu zuwa shida, domin da zarar taya ta fara tauri ƙarfin turawarsa yana raguwa. Mai lita 15 kuwa sai ka shafe fiye da minti goma kana tsugune. Idan mai shago bai san lissafin lita ba, kwalin ma bai faɗa ba, ni dai nakan ajiye in nemi wani.

Na farko, wanda ya fi yawa a hannun mutane, shi ne mai doguwar waya da ake cusawa a soket ɗin kunna sigari. Silinda ɗaya gare shi, girmansa bai wuce ƙaramar rediyo ba. Abin da nake so game da shi: ba ruwansa da caji. Ko shekara ya yi a but, muddin motarka za ta tashi, shi ma zai tashi. Ba ya gajiya don wuta ta ƙare, tayoyi huɗu da safaya duk zai zagaye su, in dai kana ba shi hutu. Shi ne kuma mafi sauƙin kuɗi a cikin masu amfani da lantarki.

Matsalarsa tana wurin soket ɗin. Yawancin motoci fiyus ɗin wannan soket amfiya 10 ne ko 15 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ake ja ne), a wasu ma za ka ga an rubuta 12V 120W a murfinsa. Shi kuma ƙaramin injin yana jan kusan amfiya 10, musamman lokacin da taya ta kusa cika. Ka ga kenan a bakin iyaka yake aiki. Motocinmu kuwa yawanci sun sha hannu, an yi musu jone-jone na caja da fitilu, soket ya saki, wani ya yi tsatsa. Sau biyu fiyus yana ƙone mini ana tsakiyar aiki. Maganin wannan ba tsada: ka ajiye fiyus biyu ko uku masu lamba ɗaya da na motar, ka san inda akwatinsu yake tun kana gida. Kada ka yarda wani ya sa maka mai amfiya 30 a gurbin mai 15, ko ya naɗa zaren waya a madadinsa. Fiyus yana ƙonewa ne don kada wayoyin mota su ƙone. Sannan kullum ka tayar da injin motar kafin ka kunna shi, zai fi ƙarfi, batirinka ma ba zai yi sanyi ba. Ka kuma auna tsawon wayar da tiyon a haɗe. Mita uku na isar ƙaramar mota, amma a Sienna ko doguwar wagon sai ka ga tayar baya ta gagara.

Akwai kuma zafi. Waɗannan ƙananan injuna ba su da mai a ciki, fistin ɗin yana goga ne a bushe, wasu ma haƙoran da ke juya shi na roba ne. Shi ya sa takardarsu takan ce a kashe bayan kamar minti goma a bar shi ya huce. Mutane ba sa karantawa. Na ga wanda ya cika tayoyi huɗu a jere da rana tsaka a watan Afrilu, a ta huɗun sautin injin ya canja, sai ƙauri, shi ke nan. Injin bai yi laifi ba, an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ne. In ka taɓa inda tiyo ya haɗu da jikin injin ka ji ba za ka iya riƙewa ba, lokacin hutu ya yi.

Na biyu shi ne mai caji, wanda yanzu ya zama abin yayi. Ba waya, girmansa kamar fawa bank mai kauri, da ɗan allo mai nuna lamba. Ka saita 32, ka danna, in ya kai ya tsaya da kansa. Xiaomi na cikin waɗanda suka yaɗa irinsa, yanzu kuwa sunaye ba iyaka. Gaskiya yana da daɗin aiki. Ba buɗe ƙofa, ba jan waya ta ƙarƙashin mota, mace ko tsoho ko yaro ɗan sakandare kowa zai iya. Don ƙara wa taya PSI biyu ko uku da ta rage, babu kamarsa. Mai babur da mai keke da mai Adaidaita Sahu kuwa, shi ne ya fi dacewa da su, tunda tayoyinsu ƙanana ne, babur ma ba shi da soket ɗin da za a jona mai waya.

Sai dai a nan nake so mai saye ya tsaya ya yi lissafi. Batirin da ke cikin ƙananan irinsa yawanci 2000 mAh ne a kan bolt 7.4, wato wajen awa-wat 15, ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa. Batirin mota mai amfiya-awa 60 yana ɗauke da sama da awa-wat 700. Bambancin ya kusa ninki hamsin. A aikace, ƙaramin mai caji zai tayar da taya ɗaya ko biyu daga ƙasa, kowacce ta ci minti goma ko fiye, daga nan sai ya nemi caji na awanni. To ka tuna abin da dattijon nan ya ce mini: ka tafi da ƙusa a jiki har ka samu mai faci. Idan ramin yana sace iska da sauri, za ka tsaya ka ƙara sau uku ko huɗu kafin ka isa gari. Mai waya zai yi maka haka har gari ya waye. Mai caji zai iya mutuwa a tsayawa ta biyu, ka koma inda ka fito.

Abu na biyu da ke damuna da shi ya shafi ƙasarmu kai tsaye. Batirin litiyom ba ya shiri da zafi, masu ƙera shi sukan ce kada a ajiye shi inda ya wuce digiri 45. A Sakkwato ko Maiduguri ko Nguru, cikin bazara, inuwa ma tana haura 40, motar da aka rufe a rana kuwa cikinta yakan wuce 60. Batirin da ke kwana yana wuni a nan ƙarfinsa zai ragu da wuri, wani ya kumbura, kuma batirin da ya kumbura hatsarin gobara ne. In ka ce za ka riƙa shiga da shi gida, ranar da za ka buƙace shi ita ce ranar da ka manta shi a kan tebur. Ga kuma halin wutarmu, wanda kowa ya sani. Idan ranka ya kwanta da mai caji, ka nemi irin wanda ke da hanya biyu, batir a ciki da kuma wayar jonawa a soket yana aiki kai tsaye. Ka tambaya da kyau, domin wasu wayar caji ce kawai, ba ta tafiyar da injin. Kuma ka sa wa kanka ranar yi masa caji, ko da sau ɗaya a wata biyu, ko ba ka taɓa shi ba.

Na uku shi ne irin na dattijon: mai silinda biyu, jikin ƙarfe, da wayoyi ja da baƙa masu baki kamar na kada. Ba a jona shi a soket saboda yana jan amfiya 20 zuwa 30, wani ma fiye, sai dai kan batir kai tsaye. Ja a kan alamar tarawa, baƙa a kan alamar ɗebewa, mota a kunne. Yana da nauyi, yana cin wuri, yana da ƙara, ya fi sauran tsada, kuma sai ka buɗe bonet duk lokacin da za ka yi aiki da shi. Amma aikin da ƙaramin ke yi a minti biyar, shi a biyu ya gama, kuma yana jure dogon aiki.

Mai ƙaramar mota da ba ya wuce gida, ofis da kasuwa, ba lallai ya kashe kuɗinsa a nan ba. Amma tayar Hilux mai lamba 265/65 R17 cikinta ya ninka na Corolla har da ɗori. Bas ɗin haya irin Hiace, masu taya mai harafin C a ƙarshen lambarta, suna shan daga 45 har sama da 60 idan an yi lodi, kuma a daidai wannan matsin ne ƙaramin inji ke fara nishi. Sai kuma masu shiga rairayi, ta wajen Yusufari da Machina, ko hanyoyin Diffa da Agadas a Nijar. Direbobin can sun san dabarar sace wa taya iska zuwa 18 ko 20 don ta baje a kan yashi kada mota ta kafe. Da an hau kwalta kuwa dole a mayar da iskar tayoyi huɗu nan take, in ba haka ba gudu da laushin taya zai dafa ta. Manyan tayoyi huɗu a jere, a cikin wannan zafin, babu ƙaramin injin da zai kai labari. Ga waɗannan mutane mai silinda biyu kayan aiki ne kamar jak.

Ban manta da famfon ƙafa ba. Ba batir, ba fiyus, ba abin da zai ƙone. Don ƙarin PSI biyu ko uku yana yi lafiya lau, tayar da taya daga ƙasa kuwa sai ka taka sau ɗaruruwa, gumi ya jiƙa ka. Ranar da batirin mota ya mutu, shi da mai caji kaɗai ne za su amsa. Da babu gara ba daɗi, amma ba zan ce mutum ya dogara da shi kaɗai a doguwar tafiya ba.

Wani zai ce, duk wannan na mene ne, ga masu faci a kowace kwana? Tambaya ce mai kyau, kuma ba na raina sana'arsu. Akwai abin da injinka ba zai taɓa yi ba sai nasu. Idan bakin taya ya rabu da rim, sai iska mai yawa ta shiga a lokaci guda kafin ya koma ya zauna, wannan aikin babban tanki ne. Idan gefen taya ne ya yage, ko tib ya tsage, duk iskar duniya ba za ta tsaya ba, sai safaya. Inda nake da ƙorafi shi ne awo. Sau da yawa yaron shago yakan buga wa taya ƙarfe ya saurari sautinta, ko ya sa geji da ya sha faɗuwa a ƙasa shekara da shekaru. Na taɓa fita daga wani wurin faci na auna a gida na tarar da 48 a gaba, 41 a baya, alhali motar 32 take so. Da na koma na yi magana, yaron ya ce, "Yallaɓai, ai in ta yi tauri ta fi gudu." Da zuciya ɗaya ya faɗa, haka aka koya masa. Taya mai iska fiye da kima tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa, birki ya rage kamawa, in ta faɗa rami kuma ta fi saurin yin ƙulu ko fashewa. Mai ƙarancin iska ita ma gefenta yana lanƙwasa yana miƙewa a kowane juyi, zafi ya taru, a kan dogon titi da rana sai ka ji tau.

Lambar da ta dace ba a jikin taya take ba. Wadda ke jikin taya, 44 ko 51, iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Ta gaskiyar tana kan 'yar takardar da aka manna a ginshiƙin ƙofar direba, a wasu motocin Turai kuma a bayan murfin tankin mai. In ka ga an rubuta da wani ma'aunin da ake kira bar, bar ɗaya PSI 14.5 ne, wato 2.2 ya zo daidai da 32. In kPa ne, 220 kenan. 'Yar siririyar safayar nan ta wucin gadi kuwa 60 take sha, mutane da yawa ba su sani ba, sai su sa mata 30 su ajiye. A auna da safe kafin a fita, ko bayan mota ta huta awa uku. Taya mai zafi takan nuna ƙarin uku zuwa biyar, kada ka sace wannan ƙarin, in ta huce zai sauka da kansa. Yanayi ma yana taɓa ta: duk sauyin digiri biyar zuwa shida yana motsa awo da kusan PSI ɗaya, shi ya sa tayar da aka cika da zafin Oktoba takan yi laushi da sanyin asubar hunturu. Ko ba ƙusa, lafiyayyar taya tana rage ɗaya ko biyu a wata. Masu motocin da aka shigo da su daga Amurka, ƙirar 2008 zuwa sama, kada su jira fitilar taya ta kama a dashbod. Ba ta kamawa sai iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari, wato tayar 32 ta sauko 24, kuma a motoci da yawa na'urar da ke cikin tayar ta daɗe da mutuwa.

Wannan ya kawo ni ga gejin da ke jikin injunan. Mai allura, wanda aka zana masa har 300, tsakanin 30 da 35 bai fi kaurin allurar ba, ga shi tana rawa in injin na aiki. Sai ka kashe ta tsaya kafin ka karanta. Mai lambobi a allo wanda ke tsayawa da kansa ya fi sauƙi, kuma yanzu ana samun masu waya da irin wannan allon. Kowanne ka saya, ka haɗa da ɗan geji na hannu daban, kuɗinsa kaɗan ne. Ka gwada su a taya ɗaya, in injin yana ƙara biyu a kan gaskiya, ka san haka ka riƙa cirewa.

Da ƙanena zai tambaye ni, mai Corolla da ke zuwa gida Katsina duk ƙarshen wata, zan ce ya sayi mai waya, na jikin ƙarfe, mai lita 30 zuwa 35, mai tsayawa da kansa, ya haɗa da fiyus da geji da kayan toshe ramin tayar tubles, wato ɗan zaren roban nan mai danƙo da allurar cusa shi. Zaren na tsakiyar taya ne kawai, ban da gefe, kuma in an isa gari a kai wa mai faci ya duba daga ciki. 'Yar'uwata da ba ta fita daga cikin Kaduna, wadda abin da take so shi ne ta daidaita tayoyinta ranar Asabar ba tare da ta bi layi ba, mai caji mai hanya biyu ya ishe ta. Wanda ke da Hilux ko bas, ko mai noma da ke shiga daji da kaya, ya daure ya cika kuɗi ya ɗauki mai silinda biyu. Araha ba ta ado, in ya sayi ƙarami zai sake saye kafin damina ta zagayo.

Ranar saye ka je da motarka. Ka ɗaga injin a hannu, mara nauyi sosai roba ce ta yi yawa a cikinsa. Ka duba bakin tiyon: mai murɗawa na tagulla ya fi riƙewa, sai dai yana sace 'yar iska wajen cirewa, mai ɗan hannun dannawa ya fi sauri amma na roba yakan karye. Ka taɓa wayar, in siririya ce kamar ta cajar waya za ta yi zafi. Sannan ka ce wa mai shago, "Alhaji, a ba ni in gwada a waje." Ka sace wa taya ɗaya iska zuwa 20, ka jona, ka duba agogo. Mai waya na kirki zai mayar da ita 32 cikin minti biyu zuwa uku, sautinsa bai canja ba, kan filogin bai yi zafin da zai hana ka riƙewa ba. In ya ƙi yarda a gwada, shago na gaba ma yana da irinsa. Kafin ka rufe but, ka ɗago safayar ka fara da ita.